Yadda na saka wa a-kori-kurar mahaifina agogon juyin inji

Motar da nake neman abincin iyalina da ita Peugeot 504 ce, a-kori-kura, cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Mu dai Fijo muke ce mata. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado ta faɗo a kasona, kuma tun daga ranar ban taɓa sha'awar sayar da ita ba. Da kaka ina ɗauko masara daga Giwa, lokacin rake ina zuwa Makarfi, sauran kwanaki kuwa bulo da siminti ne a cikin Zariya da kewaye. Abin da take da shi a gaban direba bai wuce agogon gudu da na mai da na zafin inji ba. Babu abin da zai gaya maka sau nawa injin yake juyawa a minti ɗaya. Mahaifina bai taɓa neman haka ba, domin shi da kunne yake tuƙi. Kukan injin kawai zai ji ya san lokacin sauya giya ya yi.

Abin da ya sa ni na nema shi ne fetur. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafi, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuma bai tsaya nan ba. Duk mai mota ya koma lissafi. Ni nawa lissafin ya kai ni ga silo, wato juyin da inji yake yi idan mota tana tsaye ba a taka totur ba. Aikinmu akwai tsayuwa da yawa a cikinsa: layin shiga kasuwa, jiran 'yan dako su gyara zaman buhu, cunkoson Kwangila da yamma. Sau da yawa ba ka kashe motar saboda ana ta matsawa kaɗan-kaɗan. Na kuma lura duk garejin da na kai ta da kunne ake saita silon. Wannan ya murɗa sukurun kafireto ya ce ya yi daidai, wancan ya saurara ya ce ya yi ƙasa, ya ƙara. Ban zargi kowa ba. Ina dai so in ga lamba da idona.

Wata rana na kai kaya Kaduna, da na sauke sai na biya Panteka na sayi agogon. Masu sayarwa takomita suke ce masa, wasu kuma RPM kawai. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba, fuskarsa baƙa, lambobi daga 0 zuwa 8, kowace lamba tana nufin juyi dubu a minti. A cikin kwalin akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaure shi da shi, da wata 'yar takarda mai ƙananan rubutu. Daga bayansa wayoyi huɗu suka fito: ja, baƙa, fara da koriya. Mai shagon ya taɓa ja da baƙar a kan batir a gabana, allurar ta motsa, na biya na taho.

Na yanke shawarar in yi aikin da hannuna. Ina saurayi na taɓa zaman gareji na ɗan lokaci kafin in koma tuƙi, don haka waya ba ta ba ni tsoro, sai dai ina girmama ta. Ranar wata Asabar da hantsi na tsayar da motar a inuwar darbejiyar ƙofar gida, na kira ɗan ƙanwata da ke bi na aiki idan babu makaranta. Muka baje kaya a kan buhu: sifana mai lamba 8 da mai 10, sukuddireba, filaya, baƙin salatif na waya, guntun samfefa, ƙarin waya, kawunan waya masu zobe da masu leɓe, da fitilar gwaji, wadda ba komai ba ce illa ƙwan fitila ɗaya da waya mai ɗan maƙali a ƙarshe.

Abu na farko shi ne cire kan batir, kuma na nagatif ake fara cirewa. Yaron ya tambaye ni, "Kawu, ai ni da na ɗauka fosatif ne mai wutar, me ya sa ba shi za a fara cirewa ba?" Na nuna masa cewa a mota gaba ɗaya ƙarfen jikinta nagatif ne, domin a nan aka ɗaure wayar batir ɗin. In ka ɗora sifana a kan fosatif alhali nagatif yana haɗe, wutsiyar sifanar ta taɓa jikin mota, to ka haɗa kan batir biyu da ƙarfe ke nan. Tartsatsin da zai tashi yana iya ƙona hannu, yana iya fasa batir. In kuwa nagatif ka fara cirewa, ko sifanar ta taɓa jiki babu abin da zai faru.

Wurin da zan ɗaura agogon ya ɗan ci mini lokaci. Mafi sauƙi shi ne saman dashbod, kamar yadda samari suke yi, amma na san yadda ranar Maris da Afrilu take gasa wurin, har roba ta tsage. Ban kuma so in huda dashbod ɗin da mahaifina ya bari ba huji ko ɗaya. Sai na samu wani sukuru a ƙasan leɓen dashbod, hagu da sitiyari, na kwance shi na saka ƙarfen agogon na mayar. Na zauna a kujera na kama sitiyari na juya dama da hagu, na taka kuloci, don in tabbata gwiwata ba ta bugunsa kuma ina ganin allurar ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Na fara da baƙar waya, wadda ake ɗaurewa a jikin mota. Ita mutane suka fi rainawa, kuma ita ce ta fi jawo matsala a kayan wutar tsohuwar mota. Da farko na so in maƙala ta a sukurun da na ɗaure agogon da shi, tunda yana kusa. Sai na ce bari in gwada. Na mayar da kan batir na ɗan lokaci, na taɓa gefe ɗaya na fitilar gwaji a wayar da ke da wuta, ɗaya gefen a kan sukurun. Ƙwan ya kama, amma ja-ja, ba haske sosai ba. Da na taɓa a kan babban notin da ya riƙe sandar sitiyari da gangar motar sai ya haska fes. Ashe farantin da sukurun yake ciki fenti da tsatsa sun raba shi da jiki. Na sake cire kan batir, na kwance wani ƙaramin noti a kan ƙarfen da ke riƙe sitiyarin, na goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, na matse kai mai zobe a bakin wayar da filaya, na ɗaure tamau. Na ja wayar da hannu don in ji ko za ta zame. Ba ta zame ba.

Jar wayar ce ta sa na kwanta rigingine a ƙasan dashbod, kaina wajen feda, ƙafafuna a waje. Wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin dashbod ɗin motar da ta shekara fiye da talatin tana aiki ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Wayoyin asali na Fijo lambobi ake rubuta musu, to yawancin lambobin sun goge. A kansu kuma kowane rewaya da ya taɓa motar ya bar nasa aikin: wannan ya jawo wa rediyo wuta, wancan ya ƙara hon, wani ya yanke wata waya ya naɗe bakinta ya bar ta tana lilo. Na ga wani ƙulli da aka naɗe da ledar burodi. Na ga kuma wata waya da na san hannun mahaifina ne, domin shi kaɗai na sani yana ɗaure waya da zaren buhu bayan ya naɗe ta da salatif. Na daɗe ina kallonta kafin in ci gaba.

Abin da nake nema shi ne wayar da ba ta da wuta sai an murɗa makulli. Wayoyin wurin iri-iri ne. Akwai mai wuta dare da rana ko da makulli yana aljihunka, kamar wadda ke zuwa daga batir kai tsaye. In ka ba agogo wuta daga nan, zai kwana yana shan batir a hankali, wata safiya ka tashi kik ya ƙi juyawa. Akwai wadda ba ta samun wuta sai a daidai lokacin da kake ba da kik. Akwai kuma wadda nake so, mai kawo wuta da zarar fitilun dashbod sun kama, ta ɗauke da an kashe. Na mayar da kan batir, na maƙala fitilar gwaji a notin da na goge, yaron yana zaune a kujera yana riƙe da makulli. Ina taɓa bakin fiyus ɗaya bayan ɗaya ina cewa "kunna", "kashe". Na farko da na biyu suna haskawa ko an kashe. A na uku ƙwan ya bi makullin, a kunna ya kama, a kashe ya mutu. Na bi wayar da yatsa na ga ita ce ke ciyar da agogon mai da na zafi. Nan na tsaya.

Akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi, na kuma san da yawa ita suke bi, wato a jawo wutar daga gefen fosatif na kwayil, abin da ke harba wa fulogi wuta, tunda shi ma sai an murɗa makulli yake samun wuta. Ban bi ta ba. Wasu motocin akwai abin rage wuta kafin kwayil, ta yadda abin da ke isa wurin bai cika bolt 12 ba. Ban da haka, wannan layin shi ne ran injin, ba na so in rataya masa wani kaya.

Na sake cire kan batir kafin in haɗa. A kan jar wayar, kusa da inda ta ɗebo wuta, na saka ƙaramin gidan fiyus da fiyus mai amfiya 3. Agogon ba ya cin wuta mai yawa, kuma fiyus ɗin wayar yake tsarewa: in wata rana ta goge ta taɓa ƙarfe, gara shi ya ƙone da a ce waya ta yi ja a bayan dashbod. Na ga motar da ta ƙone ƙurmus a gefen hanya saboda waya ɗaya da aka jawo ba fiyus. Mahaɗin ma ban yi irin wanda aka saba ba, a fere waya a murɗa a naɗe. Kai mai leɓe na matse, na tura shi ya shige, sannan na naɗe.

Farar wayar ba ta ba ni wahala ba. Ta fitilar cikin agogon ce. Na nemo wayar da ke kunna ƙwayayen dashbod idan an kunna ƙananan fitilu, na haɗa a nan, shi ke nan.

Saura koriya, wadda ita ce ainihin aikin. Injin fetur irin nawa, a cikin distibita akwai kwantak mai buɗewa yana rufewa yayin da inji ke juyawa. Idan ya rufe, wuta tana bi ta cikin kwayil ta sauka a jikin mota. Da ya buɗe sai wutar ta yanke farat ɗaya, wannan yankewar ce take sa kwayil ya harba dubban bolt ta babbar wayar tsakiya zuwa fulogi. Agogon ba ya taɓa injin, ba ya ganin fistan. Waɗannan yankewar kawai yake ƙirgawa, daga gefen nagatif na kwayil, ya mayar da su juyi. Saboda haka dole koriyar wayar ta fita daga ɗakin direba ta isa can.

Wayar ta gaza, sai na ƙara mata tsawo. Na nemi inda zan bi da ita ta bangon ƙarfen da ya raba ɗakin direba da inji, na samu wani rami da wata tsohuwar waya ta bi, robar da ke zagaye da bakinsa ta bushe ta farfashe, rabinta ma ya faɗi. Na naɗa wa koriyar salatif ninki uku a daidai wurin na zura. A raina na ce wannan ya isa. A cikin gidan inji na bi da ita ta gefen bango, nesa da manyan wayoyin fulogi, domin in ta jeru da su tana iya ɗaukar bugun wutarsu allura ta riƙa tsalle. Na kuma nisanta ta daga bututun hayaƙi da fanka, na ɗaure ta wuri uku.

A kan kwayil akwai ƙananan noti biyu, babbar waya a tsakiyarsu. Tsofaffin kwayil na Faransa za ka ga an rubuta BAT a gefen da wuta ke shigowa, RUP a gefen da ke zuwa kwantak. Wasu kuma 15 da 1 ake rubutawa, 1 ɗin shi ne nagatif. Nawa an taɓa sauya shi, da na goge baƙin mai da ƙura sai ga alamar tarawa da ta ɗebewa. Duk da haka ban dogara da alamar kaɗai ba, domin na taɓa ganin motar da aka juya wa wayoyin kwayil kuma tana tafiya a haka. Na bi siririyar wayar da ta fito daga jikin distibita, na ga a kan notin mai alamar ɗebewa ta sauka. A nan na ɗora zoben koriyar na ɗaure, ba da ƙarfi sosai ba, don notin ƙarami ne kuma a cikin roba aka dasa shi. Na ja wa yaron kunne cewa ko da wasa kada ya taɓa kai wayar agogo kusa da ta tsakiyar nan, nan take za ta kashe agogon, shi ma mai riƙon zai ji a jikinsa.

Na mayar da kan batir na ɗaure. Na yi bismillah na murɗa makulli, na ba da kik. Injin ya tashi, allurar ta ɗaga. Yaron ya yi tsalle yana cewa, "Kawu, ta yi! Wallahi ta yi!" Na bar motar ta yi zafi, na maida cok, wato abin da ake ja don inji ya tashi idan yana da sanyi, allurar ta zauna ƙasa da 900 kaɗan. Irin wannan injin silonsa tsakanin 800 da 900 ake so. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe kanikawa sun saita mini daidai, zargin da zuciyata take yi ba shi da tushe. Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni: allurar ba ta tsaya cak ba, tana rawa, jefi-jefi kuma ta yi wani ɗan zillo sama ta dawo.

Saboda wannan rawar ne bayan la'asar na tafi wajen dattijon rewayan da ya riƙa duba motar tun zamanin mahaifina. Baba muke ce masa duka. Yanzu ba ya cika shiga ƙarƙashin mota, yaransa ke yi, shi yana zaune a benci yana kallo. Na tsaya a gabansa ban kashe ba, na fito na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, zo ka ga abin da na saka mata."

Ya taso a hankali ya leƙa ta taga. Ya dubi allurar, ya karkata kai wajen bonet ya yi shiru. Can ya ce, "Nawa ya ce maka?"

Na ce, "Ɗari tara ba kaɗan, Baba."

Ya girgiza kai. "Ɗan nan, wannan injin ya haura dubu da nisa. Shekara nawa ina jin muryar motar nan. Ko dai agogonka ba shi da lafiya, ko ba ka gaya masa motar da yake ciki ba. Ka duba bayansa?"

Ban duba ba. Na kashe motar, na kwance agogon na juya shi. A bayansa, ƙarƙashin wata 'yar murfin roba, akwai ɗan maɓalli mai matsayi uku: 4, 6, 8. Yana kan 6. Da na koma gida na sake duba takardar, ashe an rubuta a can ƙasa, ni ne ban kai wurin ba don hankalina yana kan launin wayoyi.

Lissafin ba wuya. Inji mai silinda huɗu, duk juyi ɗaya sau biyu kwayil yake harbawa. Mai shida sau uku, mai takwas sau huɗu. Agogon da aka ajiye a kan 6 yana jiran bugu uku kafin ya ƙirga juyi ɗaya, nawa injin kuwa biyu yake ba shi. Don haka kashi biyu cikin uku na gaskiyar juyin yake nuna mini. Na tura maɓallin zuwa 4, na tayar da motar. Allurar ta haye ta zauna wajen 1300. Wani daga cikin yaran Baba ya ɗauko fitilar taimin, wato ta duba lokacin da wuta ke harbawa a inji, irin mai nuna lambar juyi, ya maƙala a wayar fulogi na ɗaya, ita ma abin da ta nuna ke nan. Na tsaya ina tuna awannin da na yi a layi, wata da watanni, injin yana juyin da ya wuce ƙa'ida da kusan rabi, ina biyan kuɗin.

Na ɗauki sukuddireba zan rage silon nan take. Baba ya ce, "Rage mu gani." Ina sassauta sukurun allurar tana sauka, 1200, 1100, 1000. Tana kusantar 900 injin ya fara kakkarwa, motar duka tana girgiza, sai ya mutu. Baba ya ce, "To ka gani. Wanda ya ɗaga maka silon ba don mugunta ya yi ba. Tana mutuwa ne, ya ɗaga don ka samu ka tafi. Ciwon yana nan, rufe shi aka yi."

Aka buɗe distibita. Bakin kwantak ya ƙone, gefe ɗaya ya yi rami, ɗaya ya yi tsini, tazararsa kuma ta kusa rufewa. Baba ya ce irin wannan ƙunar yawanci kwandansa, ɗan abin da ke rage wa bakin kwantak tartsatsi, ce ta gaji, kuma ita ce ke sa allurar zillo, tunda wutar ba ta yankewa da tsabta. Aka sauya su biyun, aka saita tazarar a milimita 0.4 da ma'aunin leɓe, aka sake duba taimin, domin duk wanda ya taɓa tazarar kwantak ya taɓa taimin ko bai sani ba. Muna cikin haka wani yaro ya ji ɗan sauti kamar na tsotso a gefen kafireto, aka bi aka samu wani siririn tiyo ya tsage a baki, iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Aka yanke bakin aka mayar.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Injin ya yi zafi, fitilu a kashe. Baba ya karɓi sukuddireba da kansa, ya ce in zauna a ciki in riƙa faɗa masa abin da allurar take yi. Ya kama sukurun da ke daidaita mai da iska yana juya shi kaɗan-kaɗan, ni ina cewa "ta hau", "ta ƙara hawa", "ta tsaya", "ta fara sauka". Ya dawo da shi daidai inda ta fi hawa, sannan ya koma kan sukurun silo ya sauke ta. Sau biyu ya maimaita. A ƙarshe ta zauna a 850, ba rawa, ba zillo, kukan injin ya yi laushi irin wanda na manta tana da shi. Ya zagayo ya leƙa ya daɗe yana kallon allurar. Ya ce hawa da saukar hamsin-hamsin ɗin nan kunnensa ya daina kama su tun da shekaru suka ja, da a ce yana da irin wannan a garejin da ya rage wa kansa wahala.

A kan hanya ma na koyi abin da ban sani ba game da tuƙina. Ina da ɗabi'ar barin mota a giya ta huɗu a kan hawa da kaya, wai ina tattalin mai. Agogon ya nuna mini a irin wannan lokacin juyin yana faɗowa ƙasa da 1500, ƙafata tana nutse a totur, injin yana ƙwanƙwasa yana wahala. Yanzu da na ga allurar ta gangaro wajen 2000 a kan hawa nake komawa ta uku. Man da nake saya na zuwa Giwa da dawowa kuwa, yanzu ana samun ragowa a tanki.

Bayan kamar mako uku, ina dawowa daga Makarfi da lodin rake, na faɗa wani rami. Motar ta yi kamar an shaƙe ta, ta dawo. Na ci gaba. Da na sake taka wani gargada sai ta ɗauke gaba ɗaya. Idona yana kan agogon a lokacin, na kuma ga abin da ya taimake ni: allurar ta faɗi ƙasa warwas a take, alhali motar tana cikin giya tana gangarawa, injin yana juyawa. Da mai ne ya yanke, allurar za ta ci gaba da bin juyin injin har motar ta tsaya, tunda kwayil yana harbawa. Faɗuwarta lokaci guda tana nufin wutar ce ta ɗauke. Na gangara gefe na kashe makulli da sauri.

Na buɗe bonet na taɓa kwayil, ya yi zafi fiye da yadda ya saba. Zuciyata ta tafi kan abu na ƙarshe da aka ƙara wa motar. Na kwance koriyar wayar daga kan noti, na mayar da ta distibita ita kaɗai, na ba da kik. Bugu ɗaya ta tashi. Na bi koriyar da hannu har bakin ramin nan, na jawo ta. Bakin ƙarfen ya cinye salatif ɗin ninki uku, ya cinye rigar wayar, jan ƙarfenta yana ƙyalli. Duk lokacin da ta taɓa jiki, gefen nagatif na kwayil ya sauka ƙasa kai tsaye, kamar kwantak ya rufe ya ƙi buɗewa. Wuta ba ta yankewa, fulogi ba ya samun komai. Na gode wa Allah da abin bai same ni ina tsakiyar wuce tirela ba. Na naɗe bakin wayar na cusa ta gefe, na ƙarasa gida allurar tana kwance.

Washegari ban fita aiki da wuri ba. Na cire koriyar gaba ɗaya daga mahaɗinta na saka sabuwa. Na goge bakin ramin, na saka masa sabuwar roba mai leɓe wadda ta zauna daram, na kuma zura wayar a cikin guntun tiyon mai kafin ta bi ta cikin robar, na ɗaure ta ciki da waje yadda ba za ta yi gaba da baya ba. Tunda na riga na kwanta a wurin, sai na bi sauran wayoyin da ke ratsa bangon ɗaya bayan ɗaya. Na samu biyu da rigarsu ta fara cinyewa, su ma na yi musu sutura. Ƙullin ledar burodin nan na warware shi na yi masa mahaɗi na kirki. Wadda mahaifina ya ɗaure da zaren buhu na duba ta, lafiyarta ƙalau, na bar ta yadda take.

Na ɗora koriyar a kan kwayil, na mayar da kan batir, na ce wa yaron ya tayar. Na tsaya a gaban inji na kama wayar ina jijjiga ta da ƙarfi a daidai ramin, na ce ya faɗa mini in allurar ta motsa.

Ya ce, "Tana nan a ɗari takwas da hamsin, Kawu."

Na rufe bonet, muka tafi ɗaukar bulo.